Takardar lodi daga Liverpool zuwa Nassau, 1863: ta jirgin da ya ratsa ƙawanya ce ko yaudara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Baltimore, kuma kwanan nan sha'awar tsofaffin takardu ta kama ni. A wani gwanjo na intanet na ga takardar lodin kaya ta shekarar 1863, daga Liverpool zuwa Nassau. Mai sayarwa ya ce ta ɗaya daga cikin jiragen da suka riƙa ratsa ƙawanyar sojojin ruwan Arewa ce a lokacin Yaƙin Basasar Amurka. To amma ban ga sunan wata tashar Kudu a jikinta ba, kayan ma cewa kawai aka yi kayan ƙarfe ne. Shin yaudara ce? In ina so in fara tara irin waɗannan takardu, ta ina zan faro? Kuma in na koma da su gida Kano, za su yi ƙarko?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka haɗa: ko takardar sahihiya ce, ta ina ake farawa, da yadda za ta rayu a Kano. Ta farkon ce za ta fi cin lokacinmu.

Abin da ya sa ka shakka, wato rashin sunan tashar Kudu irin Charleston ko Wilmington, shi ne ainihin abin da nake sa ran gani a takarda ta gaske. Da ta fito ƙarara ta ce an yi lodin bindigogi daga Liverpool zuwa Wilmington, da ita zan fi zargi. Sai dai kada ka yi saurin murna. Nassau gari ne mai kasuwancinsa na halal, kuma ba duk kayan ƙarfen da aka aika can ba ne suka ƙetara zuwa Kudu. Takardarka tana iya zama tsohuwa ta gaske, amma labarin da aka jingina mata na mai sayarwa ne.

Yadda harkar ta gudana

A ranar 19 ga Afrilun 1861, kwanaki kaɗan bayan harin Fort Sumter da ya buɗe yaƙin, Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar ƙawanya a kan tashoshin jihohin Kudu, ranar 27 ga watan kuma ya haɗa da Virginia da North Carolina. Gabar tekun ta kai kimanin mil 3,500. Kudu tana da auduga jibge amma ba ta da masana'antun kirki, masaƙun Lancashire a Ingila kuwa audugar nan suke jira. Nan riba ta buɗe baki. Manyan jirage sukan ɗauko kaya daga Liverpool ko Landan su sauke a Nassau ta tsibiran Bahamas, ko a St George's ta Bermuda, dukansu ƙarƙashin Birtaniya wadda ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce. Havana ta Kyuba kuma ita ke ciyar da tashoshin Kudu na Mobile da Galveston. Daga waɗannan tsibirai sai a juye kayan cikin ƙananan jiragen tururi, sirara masu gudu, da yawansu ƙirar kogin Clyde ko Mersey, an shafe su da fenti ruwan toka, suna ƙona kwal marar hayaƙi, suna jiran daren da babu farin wata. Daga Nassau zuwa Wilmington kusan mil 570 ne, daga Bermuda kusan mil 670. Su shiga da bindigogi, darma, sinadarin albarushi, takalma, barguna da kwinin, su fito da dilolin auduga.

Jiragen tururi wajen 300 ne suka gwada sa'arsu, a ƙoƙari kusan 1,300, fiye da 1,000 kuma suka yi nasara. A ɗaya ɓangaren, ma'aikatar sojojin ruwan Arewa ta lissafa jirage 1,149 da ta kama da 355 da aka lalata, har da ƙananan jiragen filafilai. Harkar ta kusa mutuwa ne da faɗuwar Fort Fisher, ganuwar da ke tsare mashigar kogin Cape Fear, ranar 15 ga Janairun 1865. Wannan ne ya rufe Wilmington.

Takardun da aka rubuta don su ɓoye

Ga abin da nake so ka riƙe. Mai tara takardun yaƙi na yau da kullum tambaya ɗaya yake yi: ta asali ce ko jabu? Kai kuwa a wannan fanni tambaya biyu ke gabanka, domin takardar asalin ita kanta ƙarya aka rubuta ta ta yi. Ɗan kasuwan Liverpool ya san jirgin yaƙin Arewa zai iya tare jirginsa a tsakiyar teku ya nemi takardu. Saboda haka sai ya rubuta Nassau a matsayin ƙarshen tafiya, ya kira akwatin bindiga kayan ƙarfe ko haja, ya bar gurbin mai karɓar kaya babu suna. Ƙananan jiragen da ke tashi daga Nassau su ma sukan karɓi takardar sallama mai cewa St John ta New Brunswick suka nufa, ko Halifax, duka a Kanada ta yau, alhali kowa a bakin tasha ya san Carolina za su.

Shari'ar jirgin Springbok ta nuna wannan sarai. An kama shi a Fabrairun 1863 a hanyarsa daga Landan zuwa Nassau, daga tashar Birtaniya zuwa tashar Birtaniya. Takardun lodinsa ba su bayyana abin da ke cikin mafi yawan ƙunshin ba. Da aka buɗe, aka tarar da bargunan soja ruwan toka da maɓallan riga masu harufan sojojin ruwan Kudu. Kotun Ƙolin Amurka ta saki jirgin amma ta tabbatar da ƙwace kayan, bisa hujjar cewa zangon Nassau yada zango ne kawai, tafiyar kayan ɗaya ce har zuwa Kudu. Takardarka da ta Springbok kamanninsu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne ta Springbok an buɗe akwatunanta a gaban shaidu.

Sunaye ma ba a dogara da su ido rufe. Jirgin da ake kira Giraffe a Birtaniya shi ya koma Robert E. Lee a hannun Kudu, da Arewa ta kama shi a Nuwamban 1863 kuma ya zama Fort Donelson. Lord Clyde ya koma Advance, mallakar jihar North Carolina. Mutane ma haka. Kyaftin Roberts na jirgin Don hafsan sojan ruwan Birtaniya ne mai suna Hobart-Hampden da ya ɓoye sunansa, wanda daga baya ya zama babban kwamanda a rundunar ruwan Turkiyya, aka san shi da Hobart Pasha.

Na taɓa sayen wata wasiƙa da aka tallata a matsayin ta ma'aikacin jirgin Banshee, shahararren jirgin nan ƙirar Liverpool. Takarda ta gaske, tawada ta gaske, an rubuta sunan jirgin a sama, kwanan wata Agustan 1864. Sai da ta iso hannuna na zauna da kundayen tarihi na ga cewa tun Nuwamban 1863 aka kama Banshee, kuma a watan da aka rubuta wasiƙar yana cikin jiragen Arewa masu tsaron ƙawanyar, yana farautar abokan sana'arsa na da. Marubucin sojan ruwan Arewa ne. Wasiƙar tana nan a wurina, ina kuma daraja ta, amma kuɗin da na biya na wani abu ne daban. Tun daga ranar ban sake biya ba sai na haɗa abu uku: sunan jirgi, kwanan wata, da tashar da yake a ranar.

Inda ake gwada maganar mai sayarwa

Aikin nan ba ya buƙatar ko kwabo. Gwamnatin Amurka ta buga rahotannin sojojin ruwan ɓangarorin biyu cikin juzu'i 30 tsakanin 1894 da 1922, masu bincike suna kiransu ORN a taƙaice, kuma suna nan kyauta a intanet. Ka nemi sunan jirgin da ke jikin takardarka a fihirisarsu. Littafin Stephen Wise mai suna Lifeline of the Confederacy, na 1988, yana da jadawali a ƙarshensa na jiragen tururin da suka shiga da waɗanda suka fita daga kowace tashar Kudu da kwanakinsu. Ni ba na zuwa gwanjo ba tare da shi ba. Rajistar Lloyd's za ta gaya maka mai jirgin, girmansa da inda aka ƙera shi.

Jirgin da ke takardarka mai yiwuwa babba ne da ya tsaya a Nassau, don haka ba lallai ya fito a jadawalin Wise ba. A nan sunan mai aiko da kaya da na mai karɓa su ne za su yi magana. In ka ga Fraser, Trenholm and Company, to kamfanin da ya zama tamkar bankin Kudu ne a Liverpool, kuma takardunsa suna ajiye a gidan tarihin harkokin teku na Merseyside. In ka ga Henry Adderley and Company a Nassau, shi ne babban dillalin juye kaya a can. Sannan akwai rahotannin ƙaramin jakadan Amurka a Liverpool, Thomas Dudley, wanda ya baza masu leƙen asiri a bakin tasha suna ƙirga akwatuna, yana aika wa Washington sunan jirgi da abin da ya ɗauka. Sau da yawa abin da takardar lodi ta ɓoye, wasiƙar Dudley ta wannan makon ta tona shi. Ranar da ka haɗa biyun a tebur ɗaya, za ka gane abin da ya sa wasunmu suka kasa barin wannan harka.

Kotun ganima da haɗarin sayen kayan sata

Me ya sa takardun jiragen da aka kama suka fi yawa? Saboda jirgin da ya tsira ba ya ajiye shaida. Kyaftin in ya ga an rutsa shi, yakan cusa wasiƙu cikin jaka mai nauyi ya jefa a teku. Takardun ma'aikatar sojojin ruwan Kudu kuma da yawansu sun ƙone a Richmond, babban birnin Kudu, a Afrilun 1865. Amma jirgin da aka kama, doka ta ce a kai shi kotun ganima, a New York, Philadelphia, Boston ko Key West, tare da duk wata takarda da aka samu a cikinsa. Kwamishinonin kotu su yi wa kowace takarda lamba, su rantsar da matuƙa su yi musu jerin tambayoyi, alƙali ya yanke hukunci, a yi gwanjon jirgi da kaya, a raba kuɗin tsakanin gwamnati da sojojin da suka yi kamun. Ambulan da ya bi ta kotun New York sau da yawa yana ɗauke da lambar shaida da harufan sunan kwamishina Henry Elliott da jar tawada.

Waɗannan fayiloli yanzu suna Ma'adanar Takardun Ƙasa ta Amurka, a rukuni na 21, na kotunan tarayya. Ka ga ke nan takarda mafi ƙarfin hujja ita ce kuma mafi kusa da zama dukiyar gwamnati. Akwai ambulan da wasiƙun da suka fita daga kotuna tun da daɗewa, suna yawo a kasuwa a fili, masana sun san tarihinsu. Akwai kuma na sata. A 2006 wani ɗalibi mai koyon aiki a reshen ma'adanar na Philadelphia ya kwashe takardun zamanin Yaƙin Basasa fiye da 160, ya sayar da wasu a eBay, ya ƙare a kurkuku. Dukiyar hukuma kuwa ba ta tsufa: kwafin dokar 'yancin ɗan ƙasa na North Carolina da wani soja ya ɗauke a 1865, sai a 2003 hukumar FBI ta ƙwato shi. Mai saye da kyakkyawar niyya ma yakan rasa takarda ya rasa kuɗi.

Don haka ka nemi isnadin takarda kamar yadda malaman hadisi ke neman na ruwaya: daga wa ka samo, shi kuma daga wa? Tsohon kundin gwanjo mai hotonta, rasit, ko wasiƙar iyalan da suka gaje ta, duk hujja ce. Ka duba ko an kankare hatimin wani ɗakin karatu, ko an yanke kusurwa, ko akwai lambar fensir da aka goge. Ma'adanar tana da sashe na musamman na dawo da takardun da suka ɓace, kuma suna amsa tambayar mai saye. Ni ba lauya ba ne. In kuɗin da yawa, ka nemi lauya a can kafin ka biya.

In ta zo hannu

Sayen takarda daga hoto cinikin biri a sama ne, saboda haka kada ka saya sai da sharaɗin mayarwa. Ka ɗaga ta ga haske. Takardar shekarun 1860 galibi ta tsumma ce, ba ta itace ba, tana da ƙarfi, kuma ta Ingila sau da yawa tana da tambarin masana'anta a cikin jikinta, wani lokaci har da shekara. Wanda ya saba duba tambarin jinjirin wata uku a takardun ajamin kakanninmu ya riga ya iya wannan aiki. Shekarar tambari ba za ta wuce kwanan watan rubutu ba. Ka haska fitilar gane jabun kuɗi: takardar da aka yi bayan 1950 tana walƙiya da shuɗin haske, tsohuwa ba ta yi. Tawadar zamanin mai sinadarin ƙarfe ce, ta shige cikin takarda, ta rine zuwa ruwan ƙasa, har inuwarta takan fito ta baya. Takardar lodi fom ce bugaggiya da aka cike da hannu, kyaftin ko wakilinsa ya sa hannu, ta Ingila kuma tana da hatimin harajin gwamnati. Akan rubuta ta kwafi uku, duka na asali, don haka ganin 'yar'uwarta a wata ma'adana ba aibi ba ne. Irin takardun nan masu ƙamas-ƙamas, launin shayi, gefensu kamar an babbaka, na shagunan tsaraba ne.

Ta ina za ka faro

Shawarata ka zaɓi tasha ɗaya ko jirgi ɗaya. Wanda ya ce zai tara komai, tarkace zai tara. Da ni ne kai, Wilmington zan ɗauka daga 1863 zuwa Janairun 1865, domin a nan harkar ta fi zafi, shaidu kuma suka fi yawa. Ka fara da abubuwa masu sauƙin kuɗi da wuyar ƙirƙira: jaridun zamanin masu labarin kamu, takardun biyan kuɗin ganima ga ƙananan sojojin ruwa, wasiƙun matuƙan Arewa da ke gadin mashiga suna kukan zafi da zaman jira. Akwai kuma takardun bashin Erlanger na 1863, bashin fam miliyan 3 da Kudu ta ci a Turai da ruwan kashi 7 cikin ɗari, wanda mai riƙe da shi zai iya karɓar auduga a kan sisi, wato kwabo 6 na Ingila, kowace laba, muddin zai iya fito da ita ta cikin ƙawanya. Ambulan da suka ratsa ƙawanyar da kansu, masu hatimin SHIP na Wilmington ko STEAM-SHIP na Charleston da lambar 12 ta kuɗin da za a biya, su ne masu tsada, su ne kuma 'yan jabu suka fi so, domin ƙara hatimi ɗaya a kan ambulan na gaske yana ninka farashinsa. Kada ka taɓa irinsu sai da takardar shaidar ƙwararrun masana kan sarki.

Akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba. Kusan kowace dila da ke cikin lissafin nan bayi ne suka noma ta, suka tsince ta, suka ɗora ta a jirgi. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4, jikokin mutanen da aka kwasa daga nahiyarmu. A Wilmington har hayaƙi akan tura cikin rumbun jirgi kafin ya tashi, don a fito da bawan da ya ɓuya tsakanin diloli. A Satumban 1862 wani bawa magini mai suna William Gould da mutum bakwai suka sulale cikin kwale-kwale da dare, suka gangara kogin Cape Fear, jirgin Arewa mai suna Cambridge ya tsince su. Gould ya shiga sojan ruwa, ya kuma bar littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum. Kasuwar gwanjo ta fi son labarin jarumtar kyaftin da daren da babu wata. Ni ina roƙonka, in ka tarar da lissafin ladan bayin da aka yi hayar su don lodi, ko jerin ma'aikatan jirgin Arewa mai sunayen waɗanda suka gudo, ka ba shi wuri a tarinka, ka kuma rubuta sunayen a kundinka.

Zamansu a Kano

Za su yi ƙarko in ka kiyaye abu kaɗan. Kada ka kai su a lanƙaya musu roba mai zafi kamar yadda muke yi wa takardar shaidar makaranta. Wannan kashe takarda ne, ba ya gyaruwa, darajarta kuma ta tafi. Ban da salatif, ban da gam, ban da biro. Bayaninka ka rubuta da fensir a jikin fayil. Ka sayo aljihunan Mylar, wato ledar adana takardu da ba ta manne musu, da fayiloli marasa asid tun kana can. Ka shimfiɗa takardu a kwance cikin akwatin ƙarfe mai rufuwa sosai, a kan kanta, nesa da ƙasa da bango saboda gara, a ɗakin tsakiya wanda rana ba ta duka. Abin da ya fi cutar da takarda shi ne hawa da saukar danshi. Da damina tawadar ƙarfe takan ƙara cin takarda, fumfuna kuma ta kama, sai ka sa ƙullin sinadarin tsotse danshi a akwatin kana sauya shi. Da hunturu takarda takan bushe ta yi ƙarau, kada ka buɗe naɗaɗɗiya a lokacin, a kan layin naɗin za ta karye. In kana son ta ado a falo, ka rataye hotonta. Abin da ka saya daga Birtaniya kuma, ka tambayi mai gwanjo batun lasisin fitarwa, domin suna da doka a kan tsofaffin rubuce-rubucen hannu.

Ba zan yanke hukunci a kan takardar da ban riƙe ba, ba kuma zan yi mata kuɗi daga nesa ba. Kafin ranar gwanjon, ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton gaba da baya, da hoto ɗaya an ɗaga ta ga haske, ya kuma rubuta maka inda ya samo ta. Ka kwafe sunan jirgi, na kyaftin, na mai aikowa, na mai karɓa, da alamomin da aka zana a gefe na jikin akwatuna. In sunayen sun kai ka ga Fraser Trenholm ko Adderley, ko jirgin ya fito a ORN a watannin da suka dace, ka shiga gwanjon da ƙarfinka. In ba su kai ka ko'ina ba, ka taya ta a kuɗin takardar kasuwanci ta 1863, in an ƙi sallamawa ka bar ta.